Libarbar Kaka a Rabon Gado

Da aka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, komai ya tafi salin-alin har zuwa lokacin da aka jawo adakar ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. An yi wa gida kuɗi, an yi wa gonar da ke hanyar Dass kuɗi, har tsohon kekensa samfurin Raleigh wani mai gyara a Wunti ya duba ya faɗi abin da zai saya. A cikin adakar kuwa, ƙarƙashin tsofaffin rasitan haraji da wata rigar saƙi da asu ya gama da ita, muka tarar da wani ƙunshin tsumma mai nauyi, da aka warware shi sai ga libarba baƙa wuluk a cikin gidanta na fata.

Baffa ne ya fara gane ta, ya miƙe tsaye yana salati yana cewa ta Baba ce. Kakanmu yana cikin dubban 'yan Arewa da Turawa suka ɗauka soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi ƙasar Bama da Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta gwabza da Japanawa a yankin Arakan a 1945, sannan ya dawo gida da kaki da tari da labarai. Yadda bindigar ta shigo hannunsa kuwa, kowa da ruwayarsa. Baffa ya rantse cewa Sarkin Ingila ne ya miƙa masa ita hannu da hannu, Goggo babba ta ce a hannun wani janar na Japan ya ƙwace ta bayan kokawa, Inna kuma ta ce cikin sanyin murya ita dai abin da ta ji daga bakin marigayi shi ne Kaka yaron wani kyaftin Bature ne, kuma kayan Baturen ne suka cakuɗe da nasa a jirgin ruwa. Babu wanda ya kula ruwayar Inna, domin ita ce mafi arha.

Malamin da ke rabon ya gyara zama ya ce duk abin da mamaci ya bari sai an san ƙimarsa kafin a raba, kuma tun da bindigar ta Kaka ce ba a taɓa raba ta ba, to Baffa da goggonninmu biyu suna da kaso a ciki, mu kuma mu raba kason mahaifinmu. Da yake ni ne ke koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma ni ke da babbar waya, sai aka ɗora mini aikin gano kuɗinta, Baffa kuma ya ce a matsayinsa na babba shi zai ajiye ta.

Kafin ya tafi da ita na ɗauki hotunanta ta kowace fuska, na kwana ina bincike a intanet. A gefenta an buga sunan Webley da alamar Mark VI da shekarar 1917. Kamfanin Webley & Scott ne ya ƙera ta a Birmingham, sojojin Ingila sun fara riƙe irinta a 1915, tana cin harsashi 6 mai lamba .455, kuma idan aka danna wani ɗan ƙarfe a gefen hagu sai ta karye ta sama, ta watso kwanson harsasan gaba ɗaya. A gindin mariƙinta akwai zobe da hafsa ke ɗaura igiya ya rataya a wuya don kada ta faɗi a fagen fama. Wannan ya kashe maganar janar ɗin Japan, amma 'yan ƙananan tambarin kambin sarauta da masu duba makamai suka buga a jikinta sun ƙara wa Baffa ƙarfin gwiwa a kan Sarkin Ingila.

Abin da na fahimta shi ne masu tara tsofaffin makamai a Amurka da Turai ba harbi suke saya ba, tarihi suke saya, kuma suna da ƙa'idojinsu. Suna duba ko lambar da ke jikin bindigar ta yi daidai da ta bututunta da ta gangar da ake zuba harsashi, domin idan lambobin suka saɓa to haɗe-haɗe ce. Suna duba ko launin da ta fito da shi daga masana'anta yana nan, ko da ya koɗe, da alamar kibiyar da gwamnatin Ingila ke bugawa a kan kayan sojanta. Suna kuma duba ko an aske bayan gangar, domin da yawa daga cikin waɗanda aka kai Amurka an aske su don su karɓi harsashin .45 na can, kuma wadda aka aske kuɗinta ya faɗi. Tamu lambobinta sun dace, ba a aske ta ba, launinta kuma yana nan. Irin wannan a can takan tashi daga ɗaruruwan daloli har ta haura dubu, kuma da yake dala ɗaya ta daɗe da wuce naira 1,000, lissafin bai ba ni wahala ba.

Da asuba na faɗa wa maiɗakina cewa abin zai iya kai naira miliyan 1 da ɗoriya, na kuma roƙe ta ta riƙe a cikinta. Kafin la'asar Adda ta bugo daga Gombe tana yi mini barka da miliyan 5. Ranar Juma'a a wurin wani ɗaurin aure a Nasarawa Jahun, wani mutum da ban taɓa gani ba ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana cewa ya ji labarin miliyan 20 kuma yana da fili na sayarwa a Yelwa. Goggo babba ta fara tambayar kuɗin kujerar Makka, Baffa kuwa ya riga ya karɓo buhunan taki bashi a kasuwar Muda Lawal da alkawarin zai biya idan kuɗin Ingila sun iso.

Da na je karɓar bindigar domin in nuna wa wanda ya san ta hannu da ido, Baffa ya shiga ɗaki ya fito da ita a naɗe cikin sabon tawul, fuskarsa cike da murmushin wanda ya yi abin a yaba. Ya buɗe tawul ɗin a hankali. Libarbar da na bari baƙa ta koma fara fat, tana ɗaukar ido a rana. Ya bi ta da samfefa lungu-lungu, sannan ya wanke ta da toka da lemun tsami, kambin Sarkin Ingilan da yake alfahari da shi ya shafe, kibiyar gwamnati ta tafi, shekarar 1917 kuma saura 19 kawai ake iya karantawa. Baƙin mariƙinta da ya ɗan tsage ya cire ya jefar a bola, ya sa kafinta ya sassaƙa mata sabo na maɗaci, aka shafe shi da banish yana ƙamshi.

Na ce, "Baffa, ai abin da kuka goge ɗin nan shi ne kuɗin."

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Kai yaro, bokon nan ya cuce ku. Wa ka taɓa gani ya kai akuya kasuwa da kashi a jikinta?"

Akwai wani tsohon maƙeri a bayan gari da ke gyara wa mafarauta harba-ruga, shi na nufa. Na sa libarbar a cikin kular abinci na rufe, na hau Keke Napep na ɗora kular a cinya. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen 'yan sanda, wani jami'i mai fara'a ya leƙo ya gaishe mu, idonsa ya sauka a kan kular, ya ce, "Malam, me aka dafa mana?" Gumi ya karyo mini tun daga ƙeya har cikin takalmi. Na ce abincin maras lafiya ne, ya ce Allah ya ba shi lafiya, na amsa da amin da ƙarfin da ya sa sauran fasinjoji suka juyo, domin a lokacin babu maras lafiya a Bauchi da ya kai ni buƙatar addu'ar.

Maƙerin ya karɓe ta ba tare da ya ce uffan ba. Ya danna ƙarfen gefe, ta ƙi karyewa, ya ɗiga mata baƙin mai ya ɗan bubbuga ta a gefen maƙera sannan ta buɗe da ƙara. Ya ɗaga bututun ya saita rana ya rufe ido ɗaya, haske bai ratso ba. Ya ɗauko tsinken tsintsiya ya zura, sai ga busasshen laka yana zubowa a tafin hannunsa tare da gawar gizo-gizo, ashe zanzaro ya taɓa yin gida a ciki ya haifi 'ya'ya ya yaye su. Ya juya gangar da yatsa, maimakon ta tsaya cak a saitin bututu sai ta yi ta lilo. Ya ce tsatsa ta cinye zaren cikin bututun, kuma ko da lafiyarta ƙalau harsashinta ba a samun sa a nan, shi kuwa mafarauci abin da yake so bindigar da zai ɗura wa albarushi da kansa ya kayar da gada. Na tambaye shi nawa zai yi mata kuɗi. Ya auna ta a hannu ya ce kilo ɗaya ce da ɗan kai, in na kai wa 'yan gwangwan ba za su ba ni kuɗin Keken da ya kawo ni ba, shi dai zai iya fitar mini da wuƙar yankan farce mai kyau daga jikinta. Daga nan ya mayar da ita cikin kular da hannunsa, ya rufe, ya ce in gaida gida, kuma idan wani ya tambaye ni ban taɓa zuwa maƙerarsa ba.

Wannan sallamar ce ta sa na nemi ɗan Goggo ƙarama, wanda lauya ne, ya halarci zaman da aka sa don jin rahotona. Zaure ya cika, aka sa Adda a waya ana jin ta a fili, ni kuma na ajiye kular a gefen ƙafata. Na fara da dalar Amurka fuskoki suka washe, na zo kan samfefa Baffa ya kau da kai, na zo kan zanzaro Goggo babba ta ce maƙerin ɗan baƙin ciki ne. Sai Barista ya nemi izini ya yi magana.

Ya ce Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Harba-ruga da sauran masu ɗuri ta baki Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinsu, bindigar farauta irin mai baki biyu sai Sufeto Janar, libarba da fistol kuwa an jera su a sahun haramtattun makamai tare da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti, kuma babu mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. Ya ce gado ba lasisi ba ne, sayar da ita laifi ne, fitar da ita waje wani laifin ne daban, kuma hukuncin wanda aka kama da ita bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Na tambaye shi ko gidan zanzaro zai zama hujja a gaban alƙali, ya ce, "Yaya, ni dai ba zan so in gwada da kai ba."

Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan Baffa ya yi gyaran murya ya ce shi dama tun ranar farko ya yi niyyar yafe kasonsa ga marayun ɗan'uwansa, yana jiran lokacin da ya dace ne ya sanar. Goggo babba ta ce ita mace me za ta yi da bindiga, ta bar wa maza. Goggo ƙarama ta ce abin da yayarta ta faɗa shi ne nata. Adda ta fara cewa ba ta ji sosai, sabis ya yi rauni a Gombe, wayar ta mutu. Ƙannena suka ce ai babban wa uba ne, duk sun bar mini. A cikin abin da bai kai minti 5 ba na zama magaji ɗaya tilo, abin da ban taɓa gani an yi wa kowa a kan gida ko gona ba.

Na ce tun da lissafi aka sa ni, to bari in ƙarasa shi. Shekara 10 wata 120 ke nan, magadan Kaka maza biyu mata biyu, namiji kaso biyu mace kaso ɗaya, ya zama kaso 6. Baffa zai samu shekara 3 da wata 4, kowace goggo shekara 1 da wata 8, sauran mu raba da Inna bayan an fitar mata da tumuninta. Baffa ya ce in daina wasa da abin da ba na wasa ba. Malam, wanda ya yi ta danne dariya da gefen rawaninsa, ya yanke cewa abin da ba a iya sayar da shi ta halattacciyar hanya ba shi da ƙima a cikin dukiyar gado, a cire shi daga lissafi, a kai wa hukuma.

Barista ya rubuta takarda a daren, washegari muka tafi ofishin 'yan sanda da shi da mai unguwa, kuma a wannan karon mai unguwa na roƙa ya riƙe kular. Jami'in da ya karɓe mu ya saurari bayani, ya sa na rubuta yadda aka same ta, ya ba mu takardar shaidar miƙawa. Ya jujjuya libarbar a hannunsa, ya shinshina sabon mariƙin, ya tambaya wane ne ya yi mata wannan aika-aikar, muka ce wani dattijo ne mai son tsafta.

Gidanta na fata ne kaɗai ya rage, wani baduku ya saye shi naira 3,000 domin ya ce fatar tana da kauri za ta yi gindin takalmi. Na kawo kuɗin gaban Malam don a raba, sai Baffa ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙa: samfefa, lemun tsami, katakon maɗaci, banish da ladan kafinta, jimilla naira 3,500. Ya ce hidima ce ya yi wa dukiyar magada, dole a fitar da ita kafin rabo. Ya karɓe dubu ukun nan take, ragowar naira 500 kuma ya ce tun da kowa ya bar mini kasonsa a gaban shaidu, a wuyana take. Mai takin Muda Lawal ma Baffa ya yi masa kwatancen gidana.