Filin ƙungiya a Second Life: a saki izinin gini, a riƙe izinin kwashewa

Tun da kamfanin Linden Lab na birnin San Francisco a Amurka ya buɗe Second Life ga jama'a a watan Yunin 2003, fili ne ginshiƙin wannan duniya ta cikin kwamfuta. Mutum yakan sayi fuloti ko ya karɓi haya, ya gina gida ko shago ko zauren taro, kuma dalar Linden da ake ciniki da ita ana iya canza ta zuwa dalar Amurka. Duk wanda ya ɗauki rigimar fili a can a matsayin wasan yara ya manta cewa kowane wata akwai mai cire kuɗi na gaske daga aljihunsa domin a ci gaba da riƙe filin. Ra'ayina shi ne, ƙungiyoyin da suka haɗa hannu a kan fili ɗaya sukan tsaurara inda ya kamata su sassauta, su kuma yi sakaci inda ɓarna take shigowa.

Izinin gini yana da tsada ne saboda filin yana da iyakar abin da zai ɗauka. An raba duniyar zuwa yankuna, kowane yanki mita 256 ne tsawo da faɗi, wato murabba'in mita 65,536, kuma kowane fuloti da ke cikinsa an ƙayyade masa nauyin kayan da za a iya ɗora masa. A babban yankin da kamfanin yake gudanarwa da kansa, fuloti mai murabba'in mita 512 yana ɗaukar ma'auni 175 na nauyin kaya tun bayan ƙarin da aka yi a 2016. Kujera da bishiya da bango duk daga wannan kaso suke ci, don haka idan mutum ɗaya ya cika shi, sauran ba za su iya ajiye ko tabarma ba. Wannan tsoron ne yake sa shugabanni su rufe gini ga kowa sai mutum biyu ko uku. A ganina kuskure ne, domin wanda aka hana shi taɓa komai a filin da ake cewa nasa ne ba zai daɗe yana ba da gudummawa ba, kuma cunkoson kaya matsala ce mai sauƙin gyara.

Abin da ba ya gyaruwa yana wani wuri dabam. Mai fuloti yana iya danganta shi da ƙungiya kawai, mallaka ta zauna a hannunsa, membobi su sami damar gini. Yana kuma iya sallama shi ga ƙungiyar baki ɗaya, wanda a babban yankin yake jawo rarar kashi 10 cikin 100 na filin da ƙungiya za ta iya riƙewa. Rarar tana da jan hankali, amma wanda ya sallama ba shi da hanyar janye kyautarsa shi kaɗai. Daga ranar, duk wanda muƙaminsa ya ƙunshi ikon sa fili a kasuwa yana iya sayar da shi, kuma kuɗin ana raba shi ne ga waɗanda aka ba ikon karɓar rabon ƙungiya, wanda idan ba a gyara ba yakan haɗa da kowane memba, har wanda ya shigo jiya.

Manhajar Second Life ta ba da damar kauce wa wannan. Ƙungiya tana iya samun muƙamai har goma, kuma kowane iko a ware yake: na gini daban, na mayar wa mutane kayansu daban, na yanka fuloti ko haɗe shi daban, na sayarwa daban. Sai dai mutane ba sa amfani da wannan rarrabewa, saboda kara. Abokin da ya taimaka wajen gina wurin ana jin nauyin a bar shi a matsayin memba, sai a ɗaga shi zuwa jami'i da dukan ikon da muƙamin ya zo da shi, ko ma a sa shi cikin masu ƙungiya. Wannan na ƙarshen shi ne mafi haɗari, domin mai ƙungiya ba ya iya cire ɗan'uwansa mai ƙungiya, sai in shi ya ga dama ya fita. A gandu, kowane ɗa yana noma kuma yana da gayaunarsa, amma ba kowa ke da bakin sayar da gonar ba, kuma babu wanda yake ɗaukar hakan a matsayin raini.

Ikon mayar da kaya ma ana raina shi. Da dannawa kaɗan, mai wannan iko yana iya kwashe ginin da aka shafe watanni ana jerawa, kayan su koma ma'ajiyar masu su, sau da yawa a dunƙule wuri ɗaya. Kayan da aka sallama wa ƙungiya kuwa, idan irin waɗanda ba a yarda a miƙa su ga wani ba ne, gogewa suke yi ɗungum, kuma manhajar da kanta tana gargaɗi a kan haka. Kamfanin bai saba shiga tsakanin mazauna a irin wannan saɓani ba, saboda a wurinsa wanda aka ba iko ya yi amfani da ikonsa ne.

Za a ce dole a sami mai share fili, in ba haka ba 'yan ɓarna za su cika shi da tarkace. Gaskiya ne, amma yawancin wannan aiki agogon mayarwa yana yin sa. Ana sa masa mintuna, duk kayan da ba a danganta da ƙungiya ba ya koma wa mai shi idan lokacin ya cika, ba sani ba sabo. Yana da tarko guda biyu da ya kamata a sanar da kowane sabon memba. Wanda ya yi gini bai sa tambarin ƙungiyar ba, wato alamar da ke bayyana a saman kan memba mai nuna ƙungiyar da yake aiki da sunanta, agogon zai kwashe aikinsa kamar na baƙo. Kuma idan ƙungiyar a buɗe take ga duk mai son shiga, taƙaita gini ga membobi bai taƙaita komai ba, tunda mai ɓarna zai shiga ne kawai ya sa tambarin.

Inda agogon ba ya kaiwa shi ne memban da ya wuce rabonsa da kayan da ke ɗauke da sunan ƙungiya. A nan ne ake buƙatar mutum, kuma mutum biyu sun isa, bisa ƙa'idar da aka rubuta a takardar ƙungiya tun kafin a ajiye tubalin farko: ma'auni nawa kowa zai ci, kwana nawa za a ba shi bayan an yi masa magana, da wanda zai kai wa kuka idan yana ganin an zalunce shi. Shafin bayanin fili yana nuna sunan kowane mai kaya da adadin abin da ya ajiye, saboda haka ba a buƙatar zargi ko shaida kafin a san wanda ya wuce iyaka.