Makiyayan Samuel Palmer da namu

Duk wanda ya taso yana ganin Fulani na wucewa da shanu ta bayan gari, in ya tsaya gaban zanen Samuel Palmer, wani mai zane ɗan Ingila na ƙarni na 19, a gidajen adana kayan tarihi na nan Ingila, zai yaba aikin hannu, amma zai ce kiwon da ya sani ba haka yake ba. Tumaki kwance lumui, wata ya fito, makiyayi ya kishingiɗa. Ba ƙuda, ba kaska, ba mai gona da ya biyo sawu da sanda.

Aikin dai ba na wasa ba ne. Mai sassaƙar ƙwarya a wajenmu da wuƙarsa yake yanka. A ecin kuwa, wato zane a kan farantin ƙarfe da ake bugawa a takarda, asid ne ke yankan. Ana samun farantin jan ƙarfe, a goge maiƙon jikinsa da alli da amoniya har sai ruwa ya kwanta a kansa bai dunƙule ba. A ɗumama shi, a shafa haɗin kakin zuma da kwalta da ƙaro, a turara shi da hayaƙin kyandir ya yi baƙi. Sai a yi zane da allura, tana kankare kakin kawai, ba ta huda ƙarfen. A ƙarshe za a cusa tawada cikin layukan da asid ya ci, a danna farantin a kan takarda, don haka abin da ke dama a faranti, a takarda hagu zai fito.

Sannan a tsoma a asid. Naitirik yana ci da sauri, yana tayar da kumfa, dole a riƙa share ta da gashin tsuntsu, in ba haka ba layi ya fito a yanke-yanke. Mai son layuka sirara yakan zaɓi haɗin da ake dangantawa da Holan: ruwa kashi 88, asid haidurokulorik 10, fotasiyam kuloret 2. Ba tsoma ɗaya ake yi ba. Bayan ɗan lokaci a ciro, a rufe sararin sama da tsaunukan nesa da fenti mai hana asid ci, a mayar, a sake cirowa a rufe tsakiya. Bishiyoyin gaba su ne ke daɗewa a ciki, shi ya sa suka fi baƙi.

Inda ake ɓarna shi ne wajen neman duhun magariba. In layuka sun matsu, asid yana ci ta gefe ya rushe ɗan tudun da ke tsakaninsu, sai wurin ya zama kwari mai faɗi da ba ya riƙe tawada. Kana neman baƙi wuluk, ka samu toka-toka. Gwanintar Palmer a nan take: ko a cikin duhu yana barin ɗigo-ɗigon farar takarda tsakanin layuka, har zanen ya riƙa ƙyalli. Bai taɓa ecin ba sai 1850, yana ɗan shekara 45, kuma faranti 13 kacal ya kammala kafin rasuwarsa a 1881.

To, ina ya samo ƙauyen nan nasa? Ɗan Landan ne, ya je ya zauna a Shoreham cikin yankin Kent a ƙuruciyarsa. A 1830, yana can, 'yan ƙwadagon gona a Kent suka tashi suna ƙone tarin ciyawa da hatsi, suna farfasa injinan sussuka, saboda yunwa da ƙarancin lada. A zanensa The Bellman na 1879, wanda Shoreham ɗin yake tunawa a ciki, me za ka gani? Mai ƙararrawa yana ratsa gari da almuru, shanu kwance a bayan shinge. A ganina ya yi wa wahalar manoma abin da yake yi wa sararin sama ne, ya rufe ta da fenti kada asid ya taɓa.

Mu ma da muke nesa da gida ba mu tsira ba. A hira, ruga takan koma ƙwaryar nono da sanyin damina, a manta da burtalin da aka nome da rijiyar da ta ƙafe tun kafin bazara.