Kwana uku ina dambe da 'yar na'urar GPS a kan Linux

Wallahi na gaji. 'Yar aba ce da ba ta cika tafin hannu ba, aikinta ɗaya tak: ta saurari taurarin ɗan'adam, ta turo wa kwamfuta inda nake ta Bluetooth. Yau kwana uku ke nan tana wahalar da ni.

Da farko komai lami lafiya. Na sa lambar haɗawa ta Bluetooth, 0000, aka ce an haɗa, shuɗiyar fitila na ta ƙiftawa. Na buɗe cgps, manhajar da ke nuna bayanan GPS, allo wayam! Ba gargaɗi, ba saƙon kuskure, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ashe sai ka buɗe mata ƙofa da hannunka, wato /dev/rfcomm0, da wani umarni da tuni aka yi wa ritaya. Wa zai gaya maka? Na buɗe, aka ce ba ni da izini sai na shiga dialout, rukunin masu izinin amfani da irin waɗannan ƙofofi. To, na shiga.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ModemManager, manhajar da ke kula da modem a Linux. Yana ganin sabuwar ƙofa sai ya ɗauka modem ce, ya riƙe ta yana aika mata tambayoyin AT, wato yaren modem, ita kuwa na'urar baiwar Allah yaren GPS, wato NMEA, kaɗai ta iya. gpsd, mai karɓar bayanai daga na'urar ya miƙa wa cgps, ya zo ya tarar an tare hanya, shi ma ya ja bakinsa ya tsuke. Dare guda na kashe a nan, ina zargin batir, ina zargin kaina.

Da na dakatar da ModemManager, layukan $GPRMC masu ɗauke da wuri da lokaci suka fara gangarowa, amma da harafin V maimakon A, wato ba ta san inda take ba. Tana son aƙalla tauraro 4, cikakken jadawalinsu kuma minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya sauka. Haka na tsaya da hannu a waje ta taga har ya sage.

A ƙarshe A ta fito, wuri daidai. Kwanan wata fa? Ta mayar da ni baya kusan shekara 20! Ƙidayar makon GPS tana komawa sifili duk bayan mako 1024, kamar yadda ta yi a Afrilun 2019, kuma kowa a harkar ya san da zuwan ranar. Na rubuta wa kamfanin da ya ƙera ta ina neman gyara. Amsar layi ɗaya ce: ba sa hulɗa da Linux, in gwada a Windows. Haba! Windows ce za ta koya wa na'urarku ƙidayar mako?