"Na Bar Su Da Allah"

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwana mutanen zango.

Ranar Talata bayan La'asar na tarar da wani dattijo zaune a bakin masallacin unguwarmu a Aboabo. Ya baje takardu a kan cinyarsa, ya danne su da carbi kada iska ta kwashe. Tun ina yaro na san shi. Gadi ya yi wa wani kamfani a nan Kumasi shekara da shekaru, da hunturu da damina, tocila a hannu, mutane na barci shi yana zagaye. Na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Malam, duba mini waɗannan, idona ya yi rauni."

Takardun albashi ne. Wasu har sun yi ja don daɗewa, ya adana su cikin leda kamar layu. Kowace ɗaya ta nuna an yanke masa kuɗin SSNIT, wato hukumar fanshon ma'aikata ta Gana. Amma da ya cika shekara 60 ya je neman fansho, sai aka nuna masa cewa shekaru masu yawa ko sisi bai shiga da sunansa ba. Kafin mutum ya samu fansho na wata-wata sai an zuba masa na wata 180, wato shekara 15, shi kuwa nasa bai kai ba. An yanka daga guminsa, ba a kai inda aka ce za a kai ba.

Na ce, "Baba, yanzu me za ka yi?" Ya tattara takardun a hankali, ya mayar cikin ledar, ya ce, "Na bar su da Allah."

Wallahi jikina ya yi sanyi, kuma ba don shi kaɗai ba. Tsoro na ji wa wanda aka bari da Allah ɗin. A hadisi ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, Allah Maɗaukaki ya ce mutum uku Shi da kansa ne abokin shari'arsu ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ma'aikacin ya cika masa aiki, shi kuwa ya hana shi ladansa. Ka tsaya ka yi tunani. Wane lauya za ka ɗauka a wannan rana?

Kada mu ce wannan halin manyan kamfanoni ne kawai. Yana cikin gidajenmu. Alhaji mai shago a kasuwar Kejetia, yaron shagonka wata nawa yake binka? Masta a Suame Magazine, unguwar makanikai, yaron da ya gama koyon aiki tuntuni amma har yanzu kuɗin abinci kawai kake miƙa masa, yaushe za ka sallame shi ko ka yanka masa albashi? Hajiya, yarinyar da aka kawo miki daga arewa, wadda take riga kowa tashi kuma kowa ya riga ta kwanciya, nawa ne haƙƙinta, kuma a hannun wa yake? Abin da ya fi ci mini rai shi ne makarantunmu masu zaman kansu, inda malamin da ke koya wa 'ya'yanmu Alƙur'ani zai yi wata biyu ana ce masa iyaye ba su biya ba. Maganar kullum ɗaya ce: "Kasuwa ba kyau, ka yi haƙuri." Idan da gaske babu, Allah ya san babu, sai ka zaunar da shi ka faɗa masa gaskiya, ka sa rana. Amma wanda yake da shi ya riƙe, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. Ya kuma ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ba a sayen ragon layya da albashin direba, ba a zuwa Umra da kuɗin mai gadi.

Ku duba yadda aka ɗauki Annabi Musa, alaihis salam, aiki a Madyana, cikin Suratul Ƙasas. Dattijon da ya ɗauke shi ya fayyace komai tun kafin a fara: shekara takwas, in ka cika goma daga gare ka ne. Sannan ya ƙara da cewa ba ya son ya tsananta masa. Wa'adi a fili, lada a fili, tausayi a kai. Mu kuwa sai mu ce, "Zo ka fara, ai ba za mu ɓata ba." Daga wannan kalma ɓacin yake farawa. Dokar ƙwadago ta Gana, wadda aka yi a 2003, ta ce wanda zai yi maka aiki wata shida ko fiye ka rubuta masa yarjejeniya. Ta sa awa takwas a rana, 40 a mako, da hutun kwana 15 na aiki a shekara, da mako 12 ga mace mai haihuwa. Kuɗin SSNIT kuma kashi 5.5 cikin ɗari ne daga ma'aikaci, kashi 13 daga mai aiki. Wanne daga cikin waɗannan ya saɓa wa addininmu?

Sai maganar ƙungiya. Na sha jin masu gida suna cewa ƙungiyar ma'aikata fitina ce, wanda ya shiga ya zama ɗan tawaye. Ban yarda ba. Talaka shi kaɗai tsoro yake ji. Ya san in ya buɗe baki za a ce ga ƙofa nan, mutum goma na jira a waje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin annabci, Manzon Allah ya halarci Hilful Fudul a Makka, inda aka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa, kuma abin da ya jawo shi wani baƙon ɗan kasuwa ne da aka karɓi kayansa aka ƙi biya. Bayan zuwan Musulunci, Manzon Allah ya ce da za a kira shi ga irinsa da ya amsa. A ƙasar nan an kafa TUC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago, tun 1945, kafin samun 'yancin kai, kuma ma'aikata ne suka ajiye aiki a Janairun 1950 lokacin gwagwarmaya da Turawa. Direbobinmu sun san amfanin ƙungiyarsu ta GPRTU a tasha. Da wannan dattijo yana da ƙungiya a wurin aikinsa, da wataƙila tun shekarar farko wani ya ce a kawo shaidar an zuba kuɗin.

Shugabannin ƙungiya, kuɗin da ake yanka wa mambobi amana ce a wuyanku. Wanda ya shiga ɗaki da sunan ma'aikata ya fito da aljihunsa cike, ya ci amana sau biyu. Kai ma ma'aikaci, mai ƙarfi amintacce aka yaba a Alƙur'ani. In ka saci awa, ko ka sayar da man mota, ko ka kwanta ciwon ƙarya, ka gurɓata abin da kake ci da iyalinka. Yajin aiki ma yana da ƙa'ida, sai sulhu ya gagara an ba da sanarwa.

Ina roƙon duk mai albashi da ya karanta wannan, ya ɗauki Ghana Card ɗinsa cikin makon nan ya je ofishin SSNIT ya duba ko ana zuba masa kuɗinsa, kada ya jira furfura. Duk wanda kuma wani ke binsa ladan aiki, ya tura masa ta momo yau kafin ya kwanta, ko rabi ne, ya kira shi ya nemi afuwa.

Baba ya yarda ranar Litinin in raka shi ofishin ƙwadago, ni da wani ɗan unguwarmu da ya san kan takardu. Da farko ya ƙi, ya ce ba ya son rigima da tsufansa. Sai da na tuna masa marayun jikokinsa biyu da ke cin abinci a gidansa, sannan ya miƙo mini ledar. Tana nan a wurina. Ku sa shi a addu'a.