Mugun cikin labari ba ya bukatar boka

Yawancin miyagun da ke cikin littattafai da finafinan Hausa da ake karantawa ake kallo a Damagaram ba za su iya cutar ko yaron da aka aika sayen gawayi ba. Mugu zai zauna shi kaɗai a ɗaki yana faɗin shirinsa da ƙarfi, yana ƙyaƙyata dariya, ƴar aiki tana laɓe bayan labule. Ko ya tafi wajen boka, a ba shi laya ya binne, shi ke nan an gama ƙulli. Ƙarshensa kowa ya sani: haɗarin mota, ko hauka, ya fito titi yana tona wa kansa asiri. A ganina wannan lalacin marubuci ne. Boka hanya ce ta guje wa aikin tunani, don idan asiri ne ya raba miji da mata, ba sai an zauna an tsara yadda mutum zai raba su da bakinsa ba.

Abin mamaki, kakanninmu sun riga mu sanin aikin. Gizo ba shi da ƙarfi, ba shi da dukiya. Da ya so wahalar da giwa da dorina, sai ya miƙa wa kowace bakin igiya, ya ce da shi za ta ja, suka yini suna jan juna. Girman kansu ya yi masa aiki. Haka yake yi da kwaɗayin kura. Yaro yana jin tatsuniyar yana ganin tarkon tun ana ɗana shi, kuma daɗin ke nan: ka ga rami, ka ga mai tafiya, ba ka da bakin ce masa tsaya.

Mugu mai wayo da halin kirkin jarumi yake kama shi. A garinmu kuwa kayan aikin suna da yawa: kunya, girmama na gaba, tsoron a ce ka yanke zumunci. A ɗauki ƙanin uba da ke riƙe da gidan maraya a unguwar Birni. Marubuci mai gaggawa zai sa shi ya sace takardar gidan da dare. Mai haƙuri zai sa shi ya ɗauki nauyin auren yaron a bainar jama'a, ya biya sadaki, ya yanka rago, ya riƙa cewa "ɗana" a gaban kowa. Ranar da yaron ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, maganar gidan nan fa," sai ya tarar Baba ya riga shi zuwa wajen mai unguwa, da hawaye, yana neman shawara a kan yaron da abokan fada, wato majalisar samari, suka fara hure wa kunne. Bai yi ƙarya ko ɗaya da za a kama ba. Unguwa ce za ta kira yaron butulu, shi kuma yana gefe yana cewa a yi masa haƙuri, yaro ne.

Sharaɗin shi ne kada a mayar da jarumi wawa don mugu ya haskaka. Bari yaron ya yi duk abin da mai hankali zai yi, ya nemi shaidu, ya je wajen alƙali, sai ya iske kowace ƙofa an riga an gaisa da mai tsaronta.

Tarihin garin nan ma ya isa makaranta. A 1906 maganar wani shiri na tawaye ta kai kunnen Faransawa, aka sauke Sarki Amadu Ɗan Basa, aka kai shi Kodebuwa, aka ba wani bafade, Bellama, riƙon ƙasa. Ba a kai ga zare takobi ba. Magana ce ta shiga kunnen da ya dace a lokacin da ya dace, sarauta ta juya. Marubucin da ke wucewa ta ƙofar fadar Damagaram kullum bai kamata ya rasa yadda ake ƙulla makirci ba.

Akwai masu cewa mugu mai wayo koya wa yara mugunta yake, kuma ba zan ce damuwarsu banza ce ba, tunda labari yana shiga rai. Sai dai ɗan damfarar da ke sayar da fili ɗaya ga mutum biyu bai koya a littafi ba, kuma ba ya zuwa da jajayen idanu. Da sallama yake zuwa, da carbi, ya san sunan mahaifinka. Wanda ya tashi yana ganin mugu mai dariyar ƙeta kawai, shi ne zai ƙirga jika ɗari biyar ya miƙa wa mai fara'a a Kasuwar Dole.

Ban ce mugu ya ci bulus ba. Ya faɗi, amma faɗuwar ta fito daga halinsa. Baban nan namu mutum ne da ba ya barin dala ta wuce bai rubuta ba, don haka kuɗin auren da ya yi ta alfahari da su suna cikin littafinsa, an cire su daga hayar gidan marayan. Matarsa da yake ganin ba ta san komai ba tana zuwa makarantar yaƙi da jahilci tun bara, kuma ita ke share ɗakin.