Wannan ma koyarwa ce

Wani labari da na karanta ya ɗauki rubutun da wani malami marigayi ya yi kan duwatsu masu daraja tamkar abin rage lokaci bayan tashi daga aji, ni kuwa ban yarda ba. Wanda ya fahimtar da mutane ma'aunin tauri na Mohs na 1812, inda daimon yake mataki na 10, yakutu na 9, ai darasin kimiyya ya bayar, domin da shi mai saye zai gane cewa abin da bakin wuƙa ya karce ba yakutu ba ne, ƙila gilashi aka rina. Mu da manyan duwatsu suka kewaye gidajenmu a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ɗaliban lise (babbar sakandare) nawa a Damagaram aka taɓa fitarwa suka farfasa dutse ɗaya, suka duba abin da ke cikinsa?