Ajiya ce, ba kyauta ba

Mutane da yawa in sun ji ɗaliban jami'o'in Amurka na matsa wa hukumar makarantarsu ta kwashe kuɗi daga manyan bankuna zuwa ƙananan bankunan unguwa da ƙungiyoyin adashi na 'yan ƙungiya, sai su ɗauka rabon sadaka ake nema. Ba haka ba ne. Kuɗin na nan na jami'a, tana cirewa lokacin da take so. Gwamnati ma na ba da inshora har dala 250,000, ta hannun hukumar FDIC mai inshorar ajiyar bankuna ko hukumar NCUA mai inshorar ajiyar ƙungiyoyin adashi, daidai da manyan bankuna.

Abin da ke canjawa shi ne wanda ake ba wa rance da kuɗin da aka ajiye. Mai gidan burodi da ke bakin ƙofar makaranta, wanda babban banki ya ƙi saurarensa, shi ɗaliban nan suke tunawa, kuma ina ganin sun yi daidai.